Aikin sa kai a asibitin mishan na ƙauye: ki je, amma ki san inda za ki

Wata ƙanwata daga Garwa, a arewacin Kamaru, ta aiko da tambaya. Ta kammala karatun jinya, aiki bai samu ba tukuna, sai aka yi mata tayin aikin sa kai a wani ƙaramin asibitin mishan da ke ƙauye, inda ake duba marasa lafiya kyauta. Ita Musulma ce, mahaifinta kuma yana ɗari-ɗari da zancen. Tana son ta ji ko ta je ko kada ta je, me za ta tarar a can, kuma ko addininta zai shiga wani hali.

Ƙanwata, ki je. Ni ungozoma ce kuma ma'aikaciyar jinya, mafi yawan shekarun aikina a irin waɗannan wurare na yi su, tsakanin jihar Arewa da Arewa Mai Nisa, kuma abin da hannuna ya iya yau a can ya koya. Sai dai ki je da niyyar zama mataimakiya ga waɗanda suke wurin shekara da shekaru, waɗanda za su ci gaba da zama bayan kin ɗauki jakarki kin dawo gida. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Mai hawan jinin da kika fara ba wa magani yau zai buƙaci wannan maganin baɗi da baɗin baɗaɗa, lokacin da ke kina wani gari. Duk abin da zan faɗa miki a ƙasa daga wannan ya taso.

Asibitocin mishan sun daɗe a ƙasarmu. 'Yan mishan na ƙasar Norwe sun sauka Gaundare tun shekarun 1920, kuma asibitin Furotesta na garin har yau yana cikin wuraren da mutanen Adamawa ke nufa idan ciwo ya ci tura. A Tokombere, gindin duwatsun Mandara, likita Giuseppe Maggi ne ya kafa asibiti, a garin da Fada Simon Mpeke, wanda kowa ke kira Baba Simon, ya zauna tun 1959 yana yawo cikin duwatsu ba takalmi. Shi Maggin ne kuma ya fara na Pette da na Mada can wajen Tafkin Chadi. Akwai na 'yan Adbentis a Koza, akwai na Meskin a bakin Marwa, in kika tsallaka Chadi akwai na Bere da na Gundi da na Bebalem. Da yawa daga cikin masu kwanciya a gadajen Meskin da Pette da Mada Musulmi ne, Fulani da Shuwa da Barebari da mu Hausawa. Mahaifinki ma, in kika tambaye shi, da wuya a ce bai san wani ɗan'uwa da aka yi wa aikin ƙaba ko aka cire wa yanar ido a ɗaya daga cikinsu ba.

Abin lura shi ne waɗannan manyan da suka daɗe ana biyan kuɗi a cikinsu. Kuɗin yana da sauƙi, kuma yawanci akwai asusun da ake yafe wa wanda ba shi da hali, amma ana biya. Da wannan kuɗin ake sayen magani na gaba, a biya albashi, a gyara janareto. Saboda haka idan aka ce miki wuri kyauta ne ɗungurungum, tambayarki ta farko ita ce: wa ke biya, kuma har zuwa yaushe? Wata majami'a ce a Turai ko Amurka ke aiko da kuɗi duk wata? Wani mutum ɗaya ne mai zuciyar taimako? Na ga asibitin da ya yi kyauta na wasu shekaru, mutane suka saba, sai mai ba da kuɗin ya tsufa ya daina, aka wayi gari ɗakin magani ba komai sai kwalaye. A tsawon shekarun da ya yi yana rabon kyauta, ƙaramin asibitin gwamnati da ke ƙauyen gaba ya riga ya durƙushe, domin tun shirin Bamako na 1987 irin waɗannan asibitoci da cinikin magani suke juya kansu, kuma ba wanda zai sayi abin da ake bayarwa kyauta a tafiyar sa'a guda. Ƙarshenta mutanen yankin suka rasa duka biyun. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya har yanzu, domin da niyyar alheri aka fara.

Asibitin kyauta mai hankali yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da gundumar kiwon lafiya. Yana da izinin buɗewa, yana aika rahoton wata-wata, yana karɓar alluran rigakafi daga gunduma, yana shiga kamfen idan an tashi yi. Ki tuna akwai abubuwan da gwamnati da kanta ta ce kyauta ne: rigakafin yara, maganin tarin fuka, maganin cutar ƙanjamau, da maganin zazzaɓin cizon sauro ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 tun 2011. Ga mata masu ciki a jihohin arewa akwai shek sante tun 2015, ana biyan sefa 6,000 ta ɗauke awon ciki da haihuwa, har da tiyata idan ta kama, da kula da jariri na kwana 42. Idan asibitin da za ki bai shiga tsarin ba, ya kamata a ce aƙalla ya san asibitin da ya shiga, yana tura mata can.

Kuma ko an yafe kuɗin magani, zuwa asibiti yana da tsada ga manomi. Akwai kuɗin babur zuwa da dawowa, akwai hatsin da mai jinya za ta dafa a bayan ɗaki, akwai yinin da aka bari a gona ana tsakiyar noma. Idan uwa ta kawo miki yaro a kwana na huɗu da fara zazzaɓi, kada ki buɗe baki da faɗa. Ki duba yaron tukuna. Sau da yawa sai da ta jira maigida ya dawo ya ba da izini, sannan aka sayar da akuya ranar kasuwa.

Idan zaɓin lokaci yana hannunki, ki je da damina zuwa kaka, daga Yuli zuwa Nuwamba. Baƙi masu zuwa daga ƙasashen waje sun fi son Disamba da Janairu, lokacin da gari ya yi sanyi, hanya ta bushe, kuma lokacin ne aka fi ƙarancin buƙatarsu. Rani lokacin tiyatar da za ta iya jira ne, masu ƙaba da gwaiwa suna zuwa bayan an biya kuɗin auduga. Daga hunturu zuwa bazara ana sa ido kan sanƙarau, ko da yake ya ragu ƙwarai tun da aka yi babban rigakafin MenAfriVac a 2011. Amma damina ita ce ke cinye yara. Rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, rafuka sun cika sun yanke hanyoyi, ma'aikata sun gaji. A watan Satumba za ki ga yara biyu uku a gado ɗaya, wasu a tabarma a baranda, ledar ƙarin ruwa rataye a ƙusa.

Bari in nuna miki dare ɗaya irin na Satumba, domin shi ne ainihin aikin. Ƙarfe goma sha ɗaya babur ya tsaya, uba a gaba, uwa a baya rungume da yaro ɗan shekara biyu cikin zane. Jikinsa zafi rau, idanu sun juye, ya yi jijjiga sau biyu a hanya. A goshinsa akwai sabon tsagar wanzami, bakinsa yana warin jiƙo. Ki haska tocila ki buɗe tafin hannunsa kusa da na uwarsa, ki ja fatar idonsa ta ƙasa. Idan kika ga fari fat, kin san jini ya ƙare. Kafin gwajin ɗan yatsa ya fito, wanda ke ɗaukar minti 15, ki riga ki auna sugansa, domin faɗuwar suga tana kashe irin waɗannan yara shiru, kuma gulukos mai kashi 10, mililita 5 a kowane kilo, yana iya farfaɗo da shi a gaban idonki. Ki kwantar da shi a gefe, ki share bakinsa, ki nemi jijiya. Atesunet na allura, maganin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ana ba da miligiram 2.4 a kowane kilo, yaron da bai kai kilo 20 ba kuma miligiram 3, a fara yanzu, a maimaita bayan sa'a 12, a sake a sa'a 24, sannan idan ya iya haɗiya a ƙarasa da cikakken maganin baki na kwana 3. Duk wannan kin karanta a makaranta. Abin da ba a koyar a aji shi ne abin da ke biyo baya: awon jininsa ya nuna ƙasa da 4, yana numfashi sama-sama, asibitin ba ya ƙarin jini, wanda ke yi yana da nisan tafiyar sa'a biyu a laka, uban kuma ya ce shi ba zai ba da jininsa ba domin gobe yana da noma, kuma an gaya masa wanda aka ɗebi jininsa ba ya ƙara ƙarfi. A nan za ki ga darajar majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, tsohon ma'aikacin da ya shekara ashirin a wurin. Ya san uban, ya san ƙanen uban, ya san wane mai babur ne zai yarda ya fita da daren nan, ya san wa zai kira a can asibitin don a tanadi ledar jini. Ke aikinki ki riƙe jijiyar kada ta toshe, ki rubuta takardar turawa dalla-dalla da lokacin da aka ba da kowane magani, ki kuma saurari yadda majo ke magana da uban, da irin kalmomin da yake zaɓa.

Abin farin ciki, irin wannan dare ya ragu a wuraren da ake rabon maganin rigakafin damina yadda ya kamata. Tun 2016 ake bi gida-gida a Arewa da Arewa Mai Nisa ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59 maganin nan na Fansida da amodiyakin, sau ɗaya a wata cikin watannin ruwa. Na ranar farko a gaban mai rabo ake sha, na kwana biyun da suka rage uwa ce ke bayarwa a gida, kuma a nan ake samun giɓi, domin yana da ɗaci, yaro ya yi amai sau ɗaya sai uwa ta ajiye. A Janairun 2024 kuma Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta sa allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin jerin rigakafin yara na yau da kullum, aka fara da wasu gundumomi. Idan aka ce ki fita ƙauyuka da masu rabo, kada ki ɗauka an rage miki daraja an raba ki da aikin asibiti. Yinin da kika yi a tsakar gidaje kina nuna wa iyaye mata yadda ake narka ƙwayar a cokali yana hana yara da yawa zuwa miki da tsakar dare.

Idan asibitin yana kwarin Binuwai ne, wajen Lagdo ko Poli, ko kuma yana wajen Tuboro, to ki shirya wa kububuwa. Ƙaramar macijiya ce, launin ƙasa, tana sarar manomi a ƙafa ko a hannu lokacin noma da girbi. Haɗarinta shi ne mutum ya zo da ƙafarsa yana hira, ƙafar ta ɗan kumbura kawai, a ga kamar ba komai, alhali dafin ya riga ya hana jininsa daskarewa. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai jini ya fara fita daga dasashi, daga tsohon miki, ko ya zuba cikin kai. Gwajinsa ba ya buƙatar na'ura. Ki ɗebi jini kamar mililita 2 ki zuba a kwalbar gilashi mai tsabta, busasshiya, wadda ba a wanke da sabulu ba, ki ajiye ta ba motsi, ki duba agogo. Bayan minti 20 ki karkata ta a hankali. Idan jinin ya zubo kamar yadda kika zuba shi, mutumin nan yana buƙatar maganin dafi, kuma a maimaita gwajin bayan sa'a 6. Kada a yi masa allurar tsoka, kada a ba shi asfirin ko dikulofenak ko ibuprofen. Za a kawo miki su ƙafa ɗaure da roba har ta yi baƙi, an tsattsaga wurin, an manna baƙin dutse. Wannan dutsen 'yan mishan na da ne suka yaɗa shi da kyakkyawar niyya, kuma har yanzu wasu tsofaffin ma'aikata suna ajiye shi a aljihun tebur, amma ba ya zuƙe dafi, ɓata lokaci yake sa a yi. Maganin dafin yana da tsada ƙwarai. Ki tambaya tun ranar farko ko akwai shi a firji, kwalba nawa, in kuma babu, ina ake samu.

Tamowa kuma sai an neme ta ake gani, domin uwa da gudawa ko tari take kawo yaro. Kowane yaro daga wata 6 zuwa shekara 5 ki ɗaura masa igiyar awon damtse: ƙasa da milimita 115 ja ne, tamowa mai tsanani ke nan. Ki danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3, idan rami ya zauna a duka biyun, kumburin tamowa ne ko da yaron ya yi kama da mai ƙiba. Irin wannan yaro kada ki yi gaggawar ɗaura masa ƙarin ruwa don idonsa ya faɗa, zuciyarsa ba ta da ƙarfin ɗauka. Wanda ya iya cin Plumpy'Nut, wato abincin gyaɗa na masu tamowa, a gabanki yana iya komawa gida da rabonsa na mako. Wanda ya kasa ci, ko yake da wani ciwo a kai, kwanciya zai yi a fara da madarar F-75. Za ki ga yaro ya yi mako uku yana karɓar abincin bai ƙara nauyi ba. Kafin ki zargi uwar, ki tambaye ta yara nawa ne a gidan. Wace uwa ce za ta ba ɗaya tana kallon ukun da suka kwana da yunwa? Ki zauna da ita ku yi lissafin abin da ke gidan, gyaɗa, wake, zogale, ɗan busasshen kifi, yadda za a ƙara wa kunu kauri.

Ɗakin haihuwa shi ne wurina, kuma nan ne kasancewarki mace Musulma zai yi amfani fiye da yadda kike zato. Akwai magidanta da yawa da ba za su bar namiji ya duba matarsu ba, akwai matan da za su ɓoye zubar jini ga baƙo amma su gaya wa mai hijabi irin nasu. Abubuwa uku ne suka fi kashe mana mata: zubar jini bayan haihuwa, jijjigar masu ciki, da doguwar naƙuda, wadda in ba ta kashe ba takan bar yarinya da yoyon fitsari. Ki tabbata oksitosin, allurar tsayar da zubar jini bayan haihuwa, yana cikin sanyi, domin zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 yana rage masa ƙarfi. Ki san inda maganiziyam salfet, maganin jijjigar masu ciki, yake da yadda ake haɗa shi ba tare da kin buɗe littafi ba. Ki cika takardar bin naƙuda a kan lokaci, domin ita ce ke gaya miki lokacin turawa tun da sauran rana. Maganar izinin maigida kuma tun a awon ciki ake gama ta: idan haihuwa ta zo da gardama, wa zai yanke shawara in ba ya gari, da babur ɗin wa za a tafi, wa zai ba da jini. Ki girmama ungozomomin gargajiya na ƙauyen. Idan kika raina su za su daina turo miki mata, idan kika ja su a jiki su ne za su rako mai naƙuda da kansu.

Sauran cututtuka za ki koye su da gani. Tsargiya a yaran da ke wanka a gonakin shinkafa na Yagwa da tafkin Maga, amai da gudawa idan ambaliya ta shiga rijiyoyi kamar yadda aka sha fama a 2010, ƙyanda a rugagen da rigakafi bai kai ba, jariran da wanzami ya cire wa beli suka zo da zubar jini.

Hausa da Faransanci ba za su ishe ki ba. Tunda a Garwa kika tashi, Fulatancinki zai kai ki nesa, amma tsohuwa 'yar ƙabilar Mafa a kan dutse ko mace 'yar ƙabilar Tupuri ko Masa ba lallai ta ji shi ba, a Logon da Shari kuma Larabcin Shuwa ne ke aiki. Za ki dogara da mai fassara, wanda sau da yawa shi ne mai shara ko mai gadi. Ki ɗauke shi abokin aiki. Ki yi gajerun tambayoyi, ki kalli marar lafiya lokacin da kike magana, kuma duk bayanin shan magani ki sa a maimaita miki shi kafin a fita.

Akwai jarabar da ke kama duk sabon zuwa. A ƙauye kowa mai farar riga likita ne, haka za a kira ki, kuma za a zo ranar da ba kowa sai ke, a ce ki yi abin da ba a koya miki ba. Talaucin mutum ba ya halatta a koyi aiki a jikinsa ba mai dubawa. Abin da ba za a bar ki ki yi ke kaɗai a asibitin Garwa ba, kada ki yi shi ke kaɗai a ƙauye, sai dai in rai ne zai fita kuma ba wata hanya. Haka kuma za a matsa miki da neman allura da ƙarin ruwa, domin mutane sun ɗauka ƙwaya ba ta kai su ƙarfi ba, samari kuma za su zo da ciwon baya suna neman taramol. Kyauta tana sa hannu ya saki, a rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta ga kowane mura. Ki riƙe ƙa'ida ko da za a ce sabuwar malamar tana da rowa.

Baƙi daga waje za su zo, wasunsu ƙwararru ne na gaske masu tawali'u, na koyi abubuwa da yawa a hannunsu. Wasu kuma sukan zo da akwatunan magani da aka tattaro musu. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya kan kyautar magani ta ce ya zama abin da aka nema ne, da rubutu a harshen da ma'aikata ke karantawa, kuma da sauran aƙalla shekara guda kafin ya lalace. Idan aka sa ki jera irin wannan kaya, ki duba kwanan wata ɗaya bayan ɗaya, ki ware wanda ya wuce, ki kai wa majo. Kuma idan baƙo ya ɗaga waya zai ɗauki hoton yaro mai tamowa tsirara, ki gaya masa cikin ladabi a nemi izinin uwar tukuna, a kuma rufe yaron.

Yanzu batun addini, wanda na san shi ya fi damun gida. Asibitin mishan na mishan ne, ba sa ɓoyewa, kuma bai kamata ki je kina mamakin ganin gicciye a bango ba. A yawancinsu ana buɗe aiki da addu'ar safe da waƙa da ɗan karatu daga Littafi Mai Tsarki. A wasu akwai fasto ko mai wa'azi da ke zaga ɗakuna yana yi wa marasa lafiya addu'a. Wuraren sun bambanta ƙwarai. Akwai inda ba sa ɗaukar ma'aikaci sai Kirista, akwai inda Musulmi suka yi aiki har suka yi ritaya, da wurin sallarsu a harabar asibiti. Tunda su suka yi miki tayi sun san ke wace ce, amma duk da haka ki tambaya baki da baki, tun kafin ki kai kayanki: halartar addu'ar safe dole ce? Zan sa hijabina a bakin aiki? Za a ba ni lokacin salla, a sassauta mini da azumi? Za a taɓa neman in raba takardun wa'azi ko in fassara wa'azi ga marar lafiya? Sannan babbar tambaya, wadda ta shafi marasa lafiya: akwai wanda ake sa wa sharaɗin sauraron wa'azi kafin a duba shi? Idan amsar wannan e ce, kada ki je, kuma Kiristocin kirki da na yi aiki da su su ma ba za su yarda da hakan ba. Na yi aiki da wata sista da ke aika a kira liman idan Musulmi ya zo gargara, ta juya masa gado ya fuskanci alƙibla da hannunta. Ke ma haka za ki yi wa Kirista ko mai bin addinin gargajiya, ki kira masa nasa, ki tsare masa mutuncinsa. Kada ki shiga muhawarar addini a bakin aiki ko an tsokane ki. Hukuncin shari'a kuwa ki kai wa malamin da gidanku ya yarda da shi, ki ba shi bayanin wurin yadda yake. Jinya dai tana da asali a wurinmu, tun Rufaida Al-Aslamiyya da ta kafa tantinta a Madina tana kula da waɗanda aka ji wa rauni.

Abinci ma ki yi maganarsa, domin a ƙauyukan da ba na Musulmi ba ana kiwon alade, ana dafa giyar bilbil ranar kasuwa. Ki nemi ɗaki mai ƙofa da makulli kusa da sauran mata ma'aikata, ki riƙa girkinki. Da kin isa, ki sa majo ya kai ki ki gaida jauro ko lawan, wato mai gari, ki kuma gaida limamin garin in akwai, ya san akwai 'yarsa a asibiti.

Tsaro ba abin wasa ba ne. Tun 2013 da aka sace iyalin nan Faransawa kusa da Waza, da wani fada a Ngecewe a shekarar, sannan fada biyu 'yan Italiya da wata sista 'yar Kanada a Cere a 2014, yankunan iyaka na Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logon da Shari ba su koma yadda suke ba. Can kudu kuma, wajen Tuboro da wasu sassan Adamawa, akwai masu satar mutane don kuɗin fansa. Ki tambayi mutanen garin da masu motocin haya halin da hanya take ciki a wannan watan, ki bar tafiyar dare, ki tabbata akwai inda waya ke kamawa.

Ki kula da jikinki. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a yankinmu, saboda haka ki yi gwaji ki karɓi rigakafinsa, allura 3 ne, kafin ki fara taɓa jini. Ki tambaya ko akwai maganin kariya daga ƙanjamau idan allura ta soke ki, domin cikin sa'a 72 ake fara shi, gara ma a sa'o'in farko, a sha kwana 28. Ki tafi da gidan sauro, da rufaffen takalmi, da tocilar goshi, da agogo mai nuna daƙiƙa.

Kada kuma ki bar sa kai ya zama bauta. Na san yara masu takardar jinya da suka yi shekaru suna aiki ba albashi a asibitoci iri-iri, kullum ana ce musu za a ɗauke su. Ki sa a rubuta yarjejeniya: wata nawa, wa ke duba aikinki, kwana nawa na hutu, abinci da wurin kwana da kuɗin mota a kan wa, da takardar shaidar aiki a ƙarshe. Wata 6 ya isa ki koyi aiki ki kuma yi amfani, ƙasa da wata 3 kuwa kafin ki gane inda almakashi yake lokaci ya ƙare. Ki yi rajista da ƙungiyar ma'aikatan jinya ta ƙasa yadda doka ta tanada. A watanki na ƙarshe ki zauna da wanda zai gaje ki, ku bi sunayen masu hawan jini da ciwon suga da farfaɗiya da tarin fuka ɗaya bayan ɗaya, kowa a rubuta maganinsa a katinsa na asibiti da ranar dawowarsa.

Shi kuwa Baba, kada ki yi ta ja-in-ja da shi a gida. Ki roƙe shi ya raka ki, ko ya haɗa ki da yayanki, ku je ranar kasuwar garin da safe lokacin da layi ya fi tsawo. Ya ga ɗakin da za ki kwana, ya gaisa da majo da fasto ko sista, ya yi musu tambayoyinsa da bakinsa. Ke kuma ki nemi a nuna miki ɗakin magani da firji da rajistar watan jiya da ramin da ake ƙona allurai. Idan aka ƙi buɗe muku waɗannan, ku yi godiya ku koma Garwa, a nemi wani wurin.